Tarihin Gano Sinadaran Jiki Masu Kama da na Tabar Wiwi

Tabar wiwi ta riga iliminta isowa ƙasar nan. Masana suna danganta yaɗuwarta a Nijeriya da ma'aikatan jiragen ruwa da kuma sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan 1945. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta. Amma a lokacin nan, daga alƙalin da ke yanke hukunci har likitan da ke duba mashayi, babu wanda ya san yadda take taɓa ƙwaƙwalwa.

An dai tace sinadarinta mai bugarwa, watau THC, a Isra'ila tun 1964, a hannun Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni. Sai a 1988 Allyn Howlett da William Devane suka gano a Amurka cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai wani gurbi da THC ke shiga daidai, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. To, kwaɗon da aka halicci jiki da shi ba zai rasa mabuɗinsa na gida ba. A 1992 aka samo mabuɗin nan a birnin Ƙudus, aka raɗa masa suna anandamid, daga kalmar Sanskirit mai nufin ni'ima. A 1995 aka gano na biyu, 2-AG.

Jiki yana haɗa sinadaran nan daga kitse, kaɗan-kaɗan, a inda bukata ta taso, sa'an nan ya rushe su nan da nan. Da su yake daidaita zafin ciwo da sha'awar abinci da tunani. THC kuwa yana mamaye guraben gaba ɗaya, ya kuma daɗe, har yawansu ya ragu a ƙwaƙwalwar wanda ya saba sha. Toshe su ma ɓarna ne: maganin rage ƙiba, rimonabant, da Turai ta amince da shi a 2006, an janye shi a 2008 saboda yana jawo matsanancin baƙin ciki.

Saboda haka malamin makaranta ko jami'in lafiya a Gwarzo ko Kabo, in saurayi ya kafa masa hujja da cewa ai jiki ma yana yin wiwinsa, yana da amsa. Na jiki da awo yake zuwa, kamar gishiri a miya. Hayaƙi kuwa ba ya awo.