Jaririn da Ya Kwana Bai Tashi Ba: Tarihin Wani Zargi, Daga Turai Zuwa Ƙasar Ka'oje



A ƙasar Ka'oje, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda rugagen Fulani suka miƙe har iyakar Jamhuriyar Benin, idan jariri ya kwanta lafiya lau aka wayi gari babu rai, akan ce kwana ya ƙare, a rufe shi kafin azahar. Wasu su yi raɗa cewa aikin maye ne. A gidajen Hausawa kuwa, in abin ya maimaitu sai a ce ɗan wabi ne, na bayansa a sa masa Ajuji ko Ayashe. Mafi ɗaci shi ne a ce uwar ce ta danne shi cikin barci. Tarihin wannan zargi nake so mu bi, domin ba mu muka fara yinsa ba.

Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗora wa iyaye mata wannan laifi. A 1892 Likita Charles Templeman na birnin Dundee a Sikotland ya bi bayanin jarirai 258 da aka tarar matattu a gadon iyayensu, ya ga kusan rabinsu a daren Asabar ne, watau daren shan giya. A 1908 Birtaniya ta yi dokar hukunta wanda ya kwanta a buge ya danne yaro. To, amma ko da gadon jarirai ya yaɗu, sai ga yara suna mutuwa su kaɗai, babu mai danne su. Sai a 1969, a wani taro a Amurka, likitoci suka amince a kira abin mutuwar jarirai ta farat ɗaya, wadda bincike bai gano sanadinta ba.

A nan ne tarihin ya zama abin kunya ga masu ilmi. Tun shekarun 1950 littattafan reno, har da na Likita Benjamin Spock wanda miliyoyin iyaye suka karanta, suna cewa a kwantar da jariri rub-da-ciki, wai kada amai ya shaƙe shi. Magana ce mai daɗin ji, amma ba a gwada ta ba. Ungozomomin asibiti suka koyar da ita, mace-mace suka ƙaru. Abin da ya tona kuskuren shi ne ƙidaya. A 1985 aka lura wannan mutuwa ba ta da yawa a Hong Kong, inda ake kwantar da yara rigingine. Holan ta fara gargaɗi a 1987. Binciken Peter Fleming a Bristol cikin 1990, da wani a New Zealand, suka tabbatar. A 1991, shekarar da aka cire Kebbi daga Jihar Sakkwato, Birtaniya ta shiga yekuwar kwanciyar rigingine, cikin 'yan shekaru mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Amurka ta bi sahu a 1994.

Mu komo Ka'oje. Akwai abubuwan da kakanninmu suka yi daidai ba tare da littafi ba. Shayar da nono yana rage haɗarin, haka ma kwana ɗaki ɗaya da uwa, haka ma shimfiɗa mai tauri irin tabarma. Katifar soso mai lotsewa da matashin kai da bargo mai kauri, waɗanda muke ɗauka ci gaba ne, su ne abin tsoro, domin suna iya rufe hancin yaron da bai iya juya kansa ba tukuna. Sa'an nan ga wuta. Likitoci Davidson da Parry sun nuna a Zariya cikin shekarun 1970 yadda wankan jego da gado mai zafi da kunun kanwa suke wahalar da zuciyar mai jego. Sai mu tuna cewa jaririn ma a ɗakin yake, cikin zafi da hayaƙi, musamman da hunturu. Haɗarin kuwa ya fi tsanani daga wata 2 zuwa wata 4, watau jim kaɗan bayan an yi arba'in, sa'ad da 'yan taya reno suka watse. Shawarar likitoci a yau ita ce jariri ya kwana rigingine a shimfiɗarsa daban, kusa da uwa, cikin gidan sauro, fuska a buɗe, ba hayaƙin taba ko na itace.

Ku ma'aikata, ga inda abin ya shafe ku. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Amma makiyayi yakan ƙetara iyaka ta Tsamiya da shanunsa da iyalinsa, a haifi yaro a wannan gefe, a binne shi a wancan, bai shiga littafin kowace ƙasa ba, ba a kuma tambayi uwarsa yadda aka kwantar da shi a daren ba.