Koyon yaren kwamfuta: abubuwan da ke tsayar da mai farawa, da maganinsu

Yaren kwamfuta hanya ce ta rubuta wa na'ura umarni, layi bayan layi, ta aikata. Da irin waɗannan yaruka aka gina WhatsApp, da tsarin aika kuɗi ta salula, da shafin nan da kuke karantawa. Suna da yawa, amma za mu tsaya kan guda ɗaya, Python, saboda shi ake yawan ba mai farawa. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fito da shi a 1991. Sunan yana nufin mesa, amma daga wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Ingila, Monty Python, ya ɗauko shi. Kyauta ne, kuma in an sauke shi sau ɗaya yana aiki ko babu intanet.

Abin da ya kamata iyaye su sani tun farko shi ne, yawancin abin da ke sa yaro ya ajiye wannan karatu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Ƙananan abubuwa ne na rubutu. Na'ura ba ta san “ai ka gane nufina” ba. Abin da aka rubuta shi take bi, harafi da harafi.

Sai na iya Ingilishi? Sai na iya lissafi?

Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne, kuma kamar goma daga ciki ake juyawa kullum: if wato “idan”, else “in ba haka ba”, while “muddin”, for “ga kowane”. Wanda ya yi lakwal da Faransanci zai riƙe su cikin mako guda. Lissafi kuwa, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa sun isa a fara. Inda Ingilishi ke ɗan cizo shi ne saƙon kuskure, za mu zo gare shi.

Rubutu da lamba ba ɗaya ba ne

Ga aikin da muke ganin ya dace da ɗan nan ƙasar: juya dala zuwa sefa. Kowa ya san dala ɗaya sefa 5 ce, dala 200 kuwa jika guda. Mai koyo zai rubuta:

dala = input("Dala nawa? ")
print(dala * 5)

Ya buga 200, yana jiran 1000. Sai na'ura ta fito masa da 200200200200200. Ba ta lalace ba. Duk abin da aka buga ta hanyar input, Python a matsayin rubutu yake karɓar sa, kamar suna ko gaisuwa, don haka da aka ce ya ninka sau 5 sai ya jera rubutun sau 5. Maganin shi ne a gaya masa lamba ce:

print(int(dala) * 5)

Yanzu 1000 za ta fito. Haka nan "5" + "5" yana ba da 55, amma 5 + 5 yana ba da 10. Wanda ya gane wannan bambanci ya tsallake rami babba.

Tarkon da lakwal ta bar mana

A makarantunmu, biyu da rabi da waƙafi ake rubuta shi: 2,5. Python ɗigo yake so: 2.5. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya ma ƙorafi. Ka ce tiya biyu da rabi sau biyu, ka rubuta print(2,5 * 2), sai ya ba ka 2 10. Ya ɗauka lambobi biyu ka ba shi, 2 daban, 5 daban, ya ninka ta biyun kawai. Ɗalibin Kano ko Accra ba ya faɗawa wannan rami, don da ɗigo aka koya masa. Namu na Maraɗi da Damagaram da Tawa ne ke faɗawa. Haka alamun zance na Faransanci, « da », ba su aiki. Miƙaƙƙu ake so, irin na misalan da ke sama.

Hausa ma tana da nata tarko. Python yana yarda a kewaye rubutu da alama mai ƙwaya ɗaya ko mai biyu. In ka rubuta print('ma'ana'), alamar da ke tsakiyar kalmar ta rufe zancen tun bai ƙare ba, sai kuskure. Ka rubuta print("ma'ana") a zauna lafiya. Mu da ke da jama'a da sana'a da addu'a a kowace jimla, gara mu saba da mai ƙwaya biyu tun ranar farko. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kuwa, Python 3 yana karɓar su ba gardama.

Salula na ƙara nata. Tana mayar da harafin farko babba da kanta, alhali Print da print ba ɗaya ba ne ga na'ura. A kashe gyaran rubutu na kai tsaye kafin a fara. Umarnin da aka kwafo daga saƙon wani ma yakan zo da lanƙwasassun alamun zance, ko ya rasa gurbin farkon layi.

Shi wannan gurbi ba ado ba ne. Layin da ke ƙarƙashin if ko for sai an tura shi ciki, bisa al'ada gurbi huɗu, kuma layin if ɗin ya ƙare da ɗigo biyu. Sauran a taƙaice: = ajiye abu ne cikin suna, == tambaya ce ko abu biyu daidai suke; ƙirga a cikin jeri daga 0 yake farawa, don haka na farko shi ne 0, na uku shi ne 2. In aiki ya kama maimaita kansa ya ƙi tsayawa, Ctrl da C tare.

Jan rubutun nan mai ban tsoro

Da yawa suna rufe na'ura da zarar saƙon kuskure ya fito. To ai shi ne ke nuna inda ciwon yake. Daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe yana faɗin irin kuskuren, sama da shi kaɗan akwai lambar layin da ya tsaya. SyntaxError na nufin rubutun bai bi ƙa'ida ba, baka ko alamar zance ta ɓace. NameError, ka kira sunan da bai sani ba, galibi harafi ɗaya ne ya sauya. TypeError, ka haɗa rubutu da lamba. IndentationError, gurbi ne. In layin da ya nuna lafiya yake, a duba na samansa, wataƙila an buɗe baka ba a rufe ba.

A kula kuma da tsoffin littattafai da bidiyo. In an ga print "sannu" babu baka, Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Yaro zai kwafa daidai, ya ƙi aiki, ya zargi kansa a banza. Sa'ad da za a nemi taimakon wani, a tura masa umarnin duka da saƙon kuskuren duka. “Ya ƙi yi” ba ta isa likita ya ba da magani.

Ga ƴan uwa da ke waje masu son aiko da na'ura

Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa Python. Batir mai riƙe wuta ya fi komai muhimmanci, don inda kuran ke ɗaukewa aikin awa biyu na iya tafiya. Mai koyo ya saba da danna Ctrl da S a kai a kai. A duba madannan kuma. Wadda ta fito Faransa AZERTY ce: lambobin layin sama sai an riƙe Maj, baka mai kusurwa da alamar # kuwa sai da AltGr. Wadda ta fito Najeriya ko Ghana galibi QWERTY ce, alamun sun fi kusa da hannu. Duka biyun suna aiki, sai dai a tabbatar abin da aka saita a cikin na'urar ya yi daidai da abin da ke rubuce a kan madannan, in ba haka ba a danna A ta fito Q. Wanda bai samu kwamfuta ba tukuna, manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python a salular Android, kuma duk misalan da muka kawo za a iya gwada su a cikinta.