Tashar Bir-Hakeim ta Birnin Faris: Gininta da Tarihin Sunanta

Jirgin ƙasan cikin birnin Faris, wanda Faransawa ke kira metro, ya fara aiki a shekarar 1900, kuma galibi ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Amma akwai inda yakan fito sarari, ya bi kan dogayen ginshiƙai ta saman titi. Tashar Bir-Hakeim da ke layi na 6 tana daga cikin irin waɗannan wurare, ita ce kuma wannan 'yar maƙala za ta duba.

An buɗe ta ranar 24 ga Afrilu, 1906, da sunan Grenelle, wato sunan unguwar. Yanayin ƙasa ne ya ɗaga ta. A ƙetaren kogin Sen akwai tudun Passy, inda jirgin ke ɓullowa daga rami, ya haye kogin bisa gada mai hawa biyu, motoci da masu ƙafa a ƙasa, shi kuma a sama. Da ya ƙetare sai ya ci gaba a hakan. Titin da yake bi kuwa gurbin tsohuwar ganuwa ne, wadda aka fara ginawa a 1784, ba don tsaro ba, sai don karɓar harajin kayan da ke shiga birni. An rushe ta a 1860.

Fasalin tashar ba shi da wuyar ganewa. Dandamali biyu ne masu tsawon mita 75 suna duban juna, layin dogo biyu a tsakaninsu, ga rufin gilashi a sama. Daga titi sai an hau matakala. Tun 1974 jiragen wannan layi kan tayoyin roba suke tafiya, abin da ya rage wa maƙwabta ƙara.

A 1949 aka canza mata suna. Bir Hakeim wata tsohuwar rijiya ce a hamadar Libiya, inda sojojin Faransa masu bin De Gaulle, kimanin 3,700 ƙarƙashin Janar Koenig, suka tare rundunar Rommel daga 26 ga Mayu zuwa 11 ga Yuni, 1942. Cikinsu har da bataliyar baƙar fata daga Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a yau, ko da yake ba kasafai ake ambatonsu ba.

To, abin lura shi ne, mako biyar kacal bayan wannan bajinta, a ranakun 16 da 17 ga Yuli, 'yan sandan Faransa da kansu suka kame Yahudawa 13,152 bisa umarnin Jamusawa. An tsare sama da 8,000, rabinsu yara, a wani rufaffen filin tseren keke da ke daf da wannan tasha, babu isasshen ruwa balle abinci. Daga baya aka kwashe galibinsu zuwa Auschwitz, kaɗan ne suka komo. A ganina, ƙasar ta yi gaggawar liƙa sunan nasara a bango, ta yi nawa wajen amsa laifi: an rushe filin a 1959, amma sai a 1995 Shugaba Chirac ya yarda cewa hukumar Faransa na da hannu.

Akwai allon da ke bayanin kamen a tashar. Sai dai ƙarƙashin sunanta "Tour Eiffel" aka rubuta, kuma hasumiyar ce yawancin baƙi ke sauka nema.