Yadda hanyar jami'a ta yi wa ɗan Malanville nisa

Wanda ya tsaya a kan gadar Malanville da safe yana hango Gaya a tsallaken kogi, amma Kwatano tana can kudu, tafiyar sama da kilomita 700. Sakkwato da Yamai duk sun fi ta kusa. Sai dai makomar yaron da ke riƙe da allo da alli a wannan gari ba a Gaya ake yanke ta ba. A bakin teku ake yanke ta, kuma haka abin yake tun da daɗewa.

Bokon ƙasar Dahomey ta ruwa ya shigo. Fadan Katolika sun sauka a Ouidah a 1861, suka buɗe makarantu a can da Porto-Novo, tun kafin Faransa ta gama cin ƙasar da yaƙi. 'Ya'yan kudu suka yi ta karatu har suka zama akawuna da malamai a duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa. Arewa kuwa sai daga baya, a makare. Malanville, garin da Dendawa ke kira Tassi, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan gwamnansu Henri Malan, kasuwa ce da mashigi. Karatun da ya sani na allo ne da tawada. Uban da ke da kwalekwale ko rumfar albasa bai ga dalilin miƙa ɗansa ga makarantar boko ba, inda za a hana shi yin harshen uwarsa.

Da aka sami mulkin kai ranar 1 ga Agusta 1960, tsanin da Faransa ta kafa bai motsa ba. Shekara shida a firamare, sai jarrabawar CEP. Huɗu a kwaleji, sai BEPC. Uku a lise, sai bak, wadda ita ce mabuɗin jami'a. Duka da Faransanci. A nan ƙullin yake: yaron da ya tashi da Dendanci a gida, Hausa a kasuwa, wataƙila Fulatanci wajen kakanni, ranar farko malami zai tare shi da harshe na huɗu, kuma da shi za a auna basirarsa har ya girma.

Mathieu Kérékou, wanda ya ƙwace mulki ranar 26 ga Oktoba 1972, shi ya fara yunƙurin rushe tsanin. A 1975 ya kawo tsarin da aka kira Sabuwar Makaranta: gwamnati ta karɓe makarantun mishan, kowace makaranta ta zama wurin sana'a da gonarta, aka yi alkawarin ɗaukaka harsunan gida. Malamai suka yi ƙaranci, sai aka riƙa tura waɗanda suka ci bak su koyar kafin su wuce jami'a. A takarda abin ya yi kyau, kuma a ganina ba duka ne shirme ba, don ɗan manomin shinkafa ya fi gane makarantar da ke da gona. Amma kuɗi suka ƙare, albashi ya tsaya, a 1989 malamai da ɗalibai suka shiga yajin aiki har shekarar karatu ta tafi a banza. Babban taron ƙasa na Fabrairun 1990 ya rufe wannan babi.

Ita jami'ar fa? An kafa ta a 1970, guda ɗaya tal, a Abomey-Calavi kusa da Kwatano. Shekara talatin da ɗaya ɗan Malanville da ya ci bak ba shi da wata hanya sai ya ɗaure kaya, ya hau mota zuwa Parakou, daga nan jirgin ƙasa ko wata motar, ya je ya nemi ɗakin haya cikin mutanen da bai san harshensu ba. Da yawa sun riƙe takardar bak a akwati suka koma rumfa. Sai a 2001 aka buɗe Jami'ar Parakou, tafiyar ta ragu da fiye da rabi.

Shugaba Boni Yayi ya soke kuɗin firamare a Oktoban 2006, daga baya aka yafe wa 'yan mata kuɗin kwaleji. Azuzuwa suka cika, benci da malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba, kuma har yau jihar Alibori, inda Malanville take, tana cikin na baya a yawan masu zuwa makaranta. Shugaba Patrice Talon ya zo a 2016 da almakashi: ya rage jami'o'in gwamnati zuwa huɗu, ya sa ɗaliban jami'o'in kuɗi su rubuta jarrabawar ƙasa kafin a amince da digirinsu, ya faɗaɗa ciyar da yara a makarantu tun 2017. Wannan na ƙarshe ya fi duk wata huɗuba jawo yaran karkara aji. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu wanda ya ci bak ta intanet yake zaɓen fannin da yake so, makinsa ne ke nuna ko zai sami tallafin gwamnati ko zai biya da kansa. Masu goyon bayan tsarin na cewa an kashe hanyar alfarma. Iyaye a Malanville kuwa tambayarsu ita ce yadda za a jera maki ɗaya tsakanin ɗan lise na Kwatano mai malamin gida da ɗansu da ke bitar darasi bayan ya dawo daga fadama.