Yadda Bes Ya Samu Gurbinsa a Kiɗan Jaz

Bes shi ne kayan kiɗa mafi kaurin murya a ƙungiyar jaz. Na asalin babban goge ne na katako mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai na mutum, makaɗi yana tsaye yake jingina shi a jikinsa. Aikinsa biyu ne: ya riƙe bugun kiɗa kada ya yi gaba ko ya yi baya, ya kuma kafa tushen sautin da masu busa da mai fiyano za su yi gini a kai. An haife shi ne a gidan kiɗan gargajiyar Turai, inda ake goga shi da izga, amma a hannun baƙaƙen fatar Amurka ya koyi wani harshe dabam.

A birnin New Orleans, inda jaz ya tsiro a farkon ƙarni na 20, badujala ce ke rakiyar jana'iza da faretin titi. Ba a iya tafiya da ƙaton goge a kan hanya, don haka babban ƙahon tagulla da ake kira tuba shi ke riƙe ƙasan kiɗa, a bar wa bes ɗakunan rawa. Makaɗa da yawa sun koyi duka biyun don kada aiki ya wuce su. Da aka fara ɗaukar jaz a faifai a 1917, tuba ya ƙara samun galaba, domin na'urar lokacin mazurari ce da allura, ba ta kama sautin tsirkiya mai kauri da kyau. Sai da makirfo ya shigo harkar ɗaukar faifai a 1925 aka fara jin bes sosai a garmaho.

Kafin nan makaɗan New Orleans irin su Bill Johnson da Pops Foster sun samo dabarar da za a ji su a cikin hayaniya. Sukan ajiye izga, su finciko tsirkiya da ƙarfi su sake ta, ta mari allon wuyan bes ta yi ƙas, sai sauti ɗaya ya zama amo da ganga a lokaci guda. Wellman Braud ya kai wannan salo ƙungiyar Duke Ellington a 1927. Mai tuba dole ya tsaya ya ja numfashi, shi ya sa yakan busa sau biyu a kowane zagayen bugu huɗu. Mai bes kuwa yana iya taka duka huɗun ba tsayawa. Wannan ne ya raba gardama. A shekarun 1930 Walter Page, a ƙungiyar Count Basie ta birnin Kansas, ya daidaita abin da makaɗa ke kira tafiya: sauti ɗaya a kowane bugu, yana hawa yana sauka kamar mai taka matakala. Har gobe da shi ake auna gwanintar mai bes.

Wanda ya fito da bes gaban jama'a saurayi ne, Jimmie Blanton. Ellington ya ji kiɗansa a St. Louis a 1939, ya ɗauke shi yana ɗan shekara 21. Blanton ya riƙa fitar da karin waƙa a bes da sauri da tsafta kamar mai busa, kuma Ellington ya ba shi fili a "Jack the Bear" da "Pitter Panther Patter", dukansu na 1940, na biyun ma su biyu ne kawai, fiyano da bes. Tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 23. Shekara biyu kacal ya yi a ƙungiyar, amma duk wanda ya zo bayansa a sawunsa ya taka.

Oscar Pettiford da Ray Brown suka ɗauki gadon suka shigar da shi sabon salon bibop mai gudu. Charles Mingus ya ƙara gaba: ya shugabanci ƙungiya, ya tsara kiɗa, ya kafa kamfanin faifai na Debut tare da mai ganga Max Roach a 1952, ya fitar da Mingus Ah Um a 1959. A shekarar ce Paul Chambers ya kaɗa a faifan Miles Davis, Kind of Blue, inda a "So What" bes ne ke ba da waƙa, fiyano da masu busa suna amshi. Scott LaFaro kuma, a ƙungiyar mutum uku ta Bill Evans, ya mai da kiɗan hira tsakanin tsara. An ɗauki wasansu a gidan kiɗa na Village Vanguard a New York ranar 25 ga Yuni, 1961, kuma kwana goma sha ɗaya bayan haka ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 25.

Kayan aiki suna da hannu a duk wannan ci gaba. Tsirkiyar zamanin da ta hanjin tumaki ce, mai kauri, ana ɗaga ta nesa da allo don ta yi ƙara. Sabon makaɗi sai yatsunsa sun yi bororo, sun fashe, sun yi kanta, kafin ya iya kwana yana kiɗa. Zafi da danshi kuma suna sa ta saki. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 tsirkiyar ƙarfe ta maye gurbinta: ta fi riƙe sauti, ana iya kwantar da ita kusa da allo, yatsu su yi gudu. Everett Hull ya saka makirfo a kan sandar da bes ke tsayawa a kanta, ta cikin cikinsa, kuma daga wannan dabara kamfanin Ampeg ya samo sunansa. Akwatin kamfanin na ƙara sauti, B-15, ya fito a 1960, ya zama abokin tafiyar masu bes.

Wahalar ɗaukar kaya ita ma ta sa an nemi mafita. Ƙungiyoyi na yawo gari gari, sau da yawa a kan rufin mota ake ɗaure bes, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. A 1951 Leo Fender ya fitar da jitar bes ta lantarki, Precision Bass, a Kalifoniya. Ana rataya ta a kafaɗa, kuma an gitta ƙarafuna a wuyanta masu nuna wa yatsa daidai wurin sauti. Monk Montgomery ya kaɗa ta a ƙungiyar Lionel Hampton a rangadin Turai na 1953, amma yawancin 'yan jaz sun daɗe suna yi mata kallon baƙuwa. Sai da jaz ya haɗu da rok da fonk a ƙarshen shekarun 1960 ta samu karɓuwa. Stanley Clarke ya shahara da na katako da na lantarki duka. Jaco Pastorius ya cire ƙarafunan wuyan jitarsa ta Fender Jazz Bass, sautinta ya riƙa zamewa kamar muryar mawaƙi, kuma faifansa na farko na 1976 da aikinsa a ƙungiyar Weather Report sun buɗe wa matasa ido a ko'ina. Richard Bona na Kamaru yana cikin waɗanda suka rungumi bes bayan sun saurari Jaco.

Zuwan na lantarki bai kori na katako ba. Ron Carter, wanda ya yi aiki da Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, ya shiga kundin Guinness a 2015 da ɗauka 2,221, fiye da kowane mai bes a jaz. Esperanza Spalding, mai kaɗa nau'in biyu tana waƙa, ta ci kyautar Grammy ta sabuwar tauraruwa a 2011, abin da wani ɗan jaz bai taɓa yi ba kafin ita. Yau ana sa ran ƙwararren mai bes ya iya duka biyun, kuma ana ba shi fili ya yi kiɗa shi kaɗai. Duk da haka abin da shugaban ƙungiya ke fara nema a wurinsa shi ne abin da Walter Page ya kafa: ya riƙe bugu huɗu daram, sauran makaɗa su jingina a kansa.