Mai Lambu da Mai Surutu a Bakin Jakara

Kafin injin ban ruwa ya yawaita, da jigo masu lambun bakin Jakara a Kano suke shayar da albasa da alayyafo, aikin da ya fi dacewa da sanyin safiya ko bayan la'asar, watau daidai sa'ar da masu saye ke yin sallama. Al'ada kuwa ba ta yarda a katse wa baƙo hanzari ba, ko da ya gama tambayar gajiya da iyali ya shiga labarin harajin bana, domin jama'a na ɗaukar hakan rashin ladabi. Saboda haka dattawan sana'ar suka ƙware a wata hikima: baki na cewa "to, madalla, Malam," alhali hannu bai saki igiyar guga ba, ido kuma na bin ruwa zuwa fangali na gaba. Wanda zancensa ya wuce ƙima, akan miƙa masa ɗaurin alayyafo a ce gyara ne, mai hankali kuwa ya fahimci ishara.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, waɗansu masu lambun suka zama gadina a gidajen Nasarawa, inda umarni ke zuwa a taƙaice, babu gaisuwa balle ciniki.