Daga ƙamusun Nelson zuwa wayar hannu: yadda neman kanji ya sauya

Ɗalibin da ya shiga jami'a a Amurka ko Ingila don karatun Japananci a shekarun 1970 yakan yi karo da wata matsala tun kafin nahawu ya fara wahalar da shi: ta yaya zai nemi kalma a ƙamus alhali bai san yadda ake furta ta ba? Kanji, wato haruffan da Japan ta aro daga Sin, ba su da jerin abacada. Sai ya gano tushen harafin a cikin tushe 214 da ƙamusun Kangxi na 1716 ya tabbatar, ya ƙirga sauran zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buɗe ƙamusun Andrew Nelson na 1962 yana laluben shafi. In ya kuskure zane guda, ya koma farko. Shafi ɗaya na jarida kan iya cinye masa yammaci sukutum.

Na'urorin ƙamus na aljihu, irin su Canon Wordtank, sun rage wahalar, amma yawancinsu an ƙera su ne don Japanawa masu koyon Turanci. Babban sauyin ya zo daga Ostireliya. A 1991 Jim Breen, malamin kwamfuta a Jami'ar Monash, ya fara tara kalmomin Japananci da ma'anarsu a wani kundi mai suna EDICT, ya sake shi kyauta ga kowa. A 1999 aikin ya faɗaɗa ya zama JMdict. Yawancin manhajojin ƙamusun Japananci na kyauta da ke wayoyin ɗalibai a yau daga wannan rijiya suke ɗiba, ko da masu amfani da su ba su taɓa jin sunan mutumin ba. A 2006 kuma Damien Elmes ya fito da Anki, manhajar da ke dawo wa mutum da kalma dab da lokacin da zai manta ta. Sunan ma a Japananci haddacewa yake nufi.

Da waya mai allon taɓawa ta iso, ɗalibi ya zana harafi da yatsa, ma'ana ta fito. Daga 2017 Google Translate ya fara fassara rubutun Japananci nan take ta kyamara. Ƙirgar zane ta zama tarihi.

Sai dai abin da ya sauƙaƙa wa ido ya sangarta hannu, kuma Japan da kanta ta yarda da haka. A 2010 gwamnati ta ƙara jerin kanji na amfanin yau da kullum daga 1,945 zuwa 2,136. Hujjarta ita ce mutane yanzu bugawa suke yi a na'ura, don haka suna cin karo da haruffan da a da ake gudu. Cikin sababbin har da harafin da ke nufin ƙuncin rai, mai zane 29. Kwamitin da ya yi gyaran ya faɗi ƙarara cewa ba lallai ne mutum ya iya rubuta dukkansu da hannu ba.

A ganina nan ne jami'o'i suka tsaya a tsakiyar kogi. Jarrabawar ƙwarewa ta JLPT, wadda aka soma a 1984 kuma masu ɗaukar aiki ke dubawa, ta zaɓin amsa ce. Ba ta neman ka rubuta harafi ko ɗaya. Amma a azuzuwa da dama malami na raba farar takarda duk mako, ya ce a rubuta kanji bisa tsarin zanensu. Masu kare wannan al'ada suna da hujja mai ƙarfi: hannun da ya saba rubuta haruffa biyu masu kama da juna ya fi taimaka wa ido ya bambance su. Masu suka kuwa suna lissafin awowi ne. Digiri shekara uku ko huɗu ne kacal, kuma duk awar da ta tafi wajen maimaita zane an ɗebe ta ne daga karatun littafi ko hira da Bajapane, abubuwa biyu da wayar ta riga ta kawo cikin ɗakin kwanan ɗalibi.